Dutsen Da Ba Mu Raɗa Wa Suna Ba

A garin Guri, cikin fadamar kogin Haɗeja, da wuya a sami masunci ko manomin shinkafa da ba ya riƙe da wayar salula. Sai dai kaɗan ne suka san cewa batirin wayar yana aiki ne da sinadarin litiyam, wanda ake tacewa daga wasu duwatsu. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda masana ke kira lefidolait.

Dutse ne mai launin shunayya ko ruwan hoda, mai ƙyalli, mai taushin da wuƙa kan karce shi, kuma yakan ɓare falle-falle. Wannan siffa ce ta sa aka samo sunansa daga kalmar Girkanci mai nufin ɓawon kifi. Ban da batir, ana amfani da litiyam wajen yin gilashi da tangaran masu jure zafi, da kuma maganin wata larurar ƙwaƙwalwa. A cikin wannan dutse ne masanan Jamus Bunsen da Kirchhoff suka gano sinadarin rubidiyam a 1861.

Ba a haƙar sa a Guri, amma ana samun duwatsun litiyam a jihohin Nasarawa da Kogi da Ekiti, har an buɗe masana'antar sarrafa su a Nasarawa a 2024. A wasu ramukan haƙar, yaran da ya kamata su kasance a aji ne ke tsintar dutsen, ana saye a hannunsu da arha, ba su san darajarsa ba.

A ra'ayina, rashin suna yana cikin tushen wannan asara. Kakanninmu sun san tama da kuza da kanwa, suka raɗa musu suna, suka yi cinikinsu ido buɗe. Abin da mutum ba ya iya ambata da harshensa, da wuya ya iya yi masa farashi. Saboda haka nake ba da shawarar a kira shi "dutsen ɓawon kifi", domin ɗan masunci zai gane siffarsa tun kafin ya gan shi.

Ɗalibi mai shirin zama malami ya sani cewa ƙirƙirar kalma ba aikin masana kaɗai ba ne. A aji kalma ke kama ƙasa ko ta mutu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.