Wa Zai Tsare Mana Gida?

Jama'a, duk wanda ya taɓa tsayawa kallon tamaula da la'asar a filayen da ke wajen Ƙofar Guga ya san yadda muke naɗa mai tsaron gida. Sai an gama rabon 'yan wasa kaf, sa'an nan a waiwayi wanda ya rage, ko mai ƙiba, ko ƙanen mai ƙwallo, ko wanda ya zo a makare, a ce masa, "Kai, je ka tsaya gola." Haka aka yi mana muna yara, haka kuma muke yi wa ƙannenmu. To, muna tambaya: ƙasar da ta mai da tsaron gida horon laifi, ina bakinta na kuka ran da aka zura mata ƙwallo?

Ba mu manta da shekarar 2022 ba. A watan Janairu, a Garwa, ɗan Tunisiya ya buga ƙwallo daga nesa ta kuɓuce wa Maduka Okoye, aka koro mu daga gasar cin kofin Afirka. A watan Maris kuma, a Abuja, ƙwallon Thomas Partey ta sulale ta ƙarƙashin Francis Uzoho, Ghana ta tafi gasar kofin duniya, mu muka zauna gida. Muka yi ta zagin yaran nan biyu kamar su suka kawo fari, alhali kuwa tun da Vincent Enyeama ya bar ƙungiyar ƙasa a 2015, sankarar jini kuma ta tsayar da Carl Ikeme a 2017, ba mu tanadi magaji ba. Ran wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin kunyar ma a ƙofar gidanmu yake. A shekarar nan ta 2022 Stanley Nwabali yana tsaron gidan Katsina United, muna kallonsa a filin wasa na Muhammadu Dikko. Ƙungiyar ta fāɗa rukuni na ƙasa, shi kuwa ya tafi Chippa United ta Afirka ta Kudu. Ba a cika shekara biyu ba sai ga shi a Buwake, ran 7 ga Fabrairu 2024, ya tare fenareti biyu na 'yan Afirka ta Kudu, ya kai Nijeriya wasan ƙarshe. Sai ga mu muna tafi muna cewa ai namu ne. Su wa suka gane shi sa'ad da yake hannunmu? Sai da baƙo ya ɗauki zinariyar sa'an nan muka san ba tagulla ba ce.

Bari mu leƙa Amurka, ko ma ɗauki darasi. Suna da wani wasa, besbol, inda mutum guda ke jifa da ƙwallo, wani ya nemi dukanta da kulki, na uku kuma ya tsuguna a bayansa yana cafewa. Wannan mai cafiya shi ne golansu: shi ke fuskantar fili duka, shi ke gaya wa mai jifa irin jifar da zai yi, shi ke tare ƙwallo da ƙirjinsa in ta doki ƙasa. Kowace babbar ƙungiya tana da ƙananan ƙungiyoyi hawa huɗu a ƙarƙashinta, ban da ajin sababbin shiga, tsarin da Branch Rickey ya raya a St. Louis Cardinals tun shekarun 1920. Turawa kan kira shi gona, domin shuka ake yi a jira kaka. Masu duba yara suna ba kowace baiwa maki daga 20 zuwa 80, suna riƙe da agogo suna auna lokacin da ke tsakanin cafewa da isar jifarsa tasha ta biyu, watau wajen daƙiƙa 2. Har ila yau sun san mai cafiya ya fi kowa jinkirin nuna, saboda haka ba sa yanke masa hukunci da wasa guda.

Dubi Yadier Molina. Cardinals sun ɗauke shi a shekarar 2000, yana ɗan shekara 17, sai a zagaye na huɗu. Ya yi shekara huɗu a ƙananan ƙungiyoyi kafin ya hau sama a 2004, ga shi kuma da fari dukansa da kulki ba abin a yaba ba ne. Suka yi haƙuri da shi domin sun auna abin da 'yan kallo ba sa gani. Ya ci musu kofi a 2006 da 2011, ya karɓi lambar gwanin tsaro sau 9. Da a wurinmu ne, da tuni an yi masa ature.

Wani zai ce ai su masu kuɗi ne. Mun ji. Amma nawa ne kuɗin littafin rubutu da fensir? Ba ma roƙon jirgin sama. Muna so kowace ƙungiya a jihar nan ta sami kocin masu tsaron gida na musamman, ta riƙe ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 15 da ta 17, da shekarun gaskiya, ba na rantsuwar kotu ba. Muna so a rubuta wa kowane yaro abin da ya tare, da yadda yake fitowa ƙwallon sama, da ƙafarsa wajen raba ƙwallo, da muryarsa wajen tsara 'yan baya, da kuma halinsa minti biyar bayan an ci shi, domin nan ake gane namiji. A daina auna gola da yawan ƙwallon da ta shiga kurum, tun da garun da ya rushe ba laifin mai gadin ƙofa ba ne.

Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata matasa, gobe ku ne za ku zauna a ofisoshin wasanni. Kafin goben ta zo, in mun je fili da la'asar, mu fara zaɓen mai tsaron gida kafin mu zaɓi mai cin ƙwallo. Allah Ya sa mu gane.