Tunatarwa Kan Majami'un Da Aka Ƙona A Damagaram Da Yamai

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.



Akwai maganganu biyu da ke yawo a majalisunmu duk sa'ad da aka tuno ƙone-ƙonen watan Janairun 2015. Ta farko, wai waɗanda suka cinna wa majami'u wuta kishin Manzon Allah (SAW) ne ya ɗebe su. Ta biyu, wai Kiristocin da suka ce sun yafe tsoro ne ya sa su, tunda ƴan tsiraru ne. Maganganun nan biyu ɓata ne, kuma wajibi ne a warware su kafin ƴaƴanmu su gaje su.

Mu tuna abin da ya faru. Jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta sake buga zanen ɓatanci ga Annabi (SAW), abin da ya ƙona zuciyar kowane mumini. Ranar Juma'a 16 ga Janairu, bayan an sauko daga masallaci, rikici ya ɓarke a Damagaram. Washegari Asabar ya kai Yamai. Cikin kwana biyu mutum 10 suka rasa rayukansu. A Yamai kaɗai ƴan sanda sun ƙidaya majami'u 45 da aka wawashe aka ƙona, har da gidan marayu da makaranta. Wanda ya yi zanen yana zaune a Faris, ko hayaƙin bai shaƙa ba. Wanda aka ƙona wa wurin ibada kuwa maƙwabcinmu ne, ɗan ƙasarmu, mai sayen gero a kasuwar da muke saye. Kura ta ci akuya, an kama kare ana duka.

Da toka ta huce, shugabannin Kiristoci suka fito suka ce sun yafe, suka hana mabiyansu ramuwa. Mai cewa tsoro ne bai san abin da suke karantarwa ba. A wajensu akwai abin da suke kira yaƙin ruhaniya. A wasiƙar da Bulus ya rubuta wa mutanen Afisa ya nuna musu cewa abokin gabarsu na haƙiƙa shi ne Shaiɗan da rundunarsa ta duhu, mutumin da ya cuce su kuwa kamamme ne a hannun wannan duhun. A wasiƙarsa ga Romawa ya umarce su da su rinjayi mugunta da alheri. Saboda haka a ganinsu wanda ya rama ya faɗi yaƙin, domin duhun da ke cikin maƙiyinsa ya shiga cikinsa. Mu ba mu yarda da aƙidarsu game da Annabi Isa (AS) ba, kuma ba za mu yarda ba. Amma adalci ya wajaba ko a kan wanda muka saɓa da shi: sun yi aiki da abin da littafinsu ya ce. Asibitin Galmi, wanda ƴan mishan suka buɗe tun 1950 a jihar Tawa, ya ci gaba da karɓar marasa lafiya, mafi yawansu Musulmi ne, ba a tambayi kowa ina yake ranar ƙone-ƙone ba.

Abin kunyar shi ne wannan darasi namu ne tun asali. A Suratu Faɗir Allah Ya ambaci Shaiɗan a matsayin maƙiyin da za mu riƙa da gaba. A Suratu Fussilat, aya ta 34, Ya umarce mu da mu tunkuɗe mummuna da abin da ya fi kyau, Ya kuma nuna cewa da haka maƙiyi ke komawa masoyi. A Suratul Hajji, aya ta 40, Ya jera majami'u da ɗakunan ibadar ruhubanawa tare da masallatai cikin wuraren da bai so a rushe ba. A Suratul An'am Ya yanke cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. To, da wace aya aka ɗora wa ɗan Damagaram laifin ɗan Faris?

Mai da'awar kishin Annabi (SAW) ya dubi Annabin kansa. Mutanen Ɗa'ifa sun jefe shi har jini ya zuba a ƙafafunsa. Mala'ikan duwatsu ya nemi izinin murƙushe mutanen da suka ƙaryata shi, ya hana, yana fatan Allah Ya fitar da masu tauhidi daga tsatsonsu. A shekara ta 8 bayan hijira ya shiga Makka da runduna, waɗanda suka kore shi suna hannunsa, ya sake su. Wannan yafiya ce ta mai iko, ba wanda zai kira ta tsoro. Sa'ad da Ƙuraishawa suka matsa wa sahabbai, ƙasar Habasha ya tura su, wajen sarki Kirista, Najjashi, ya ba su mafaka. Halifa Abubakar (RA) ya gargaɗi rundunar da ya aika Sham kada ta taɓa ruhubanawan da ke ɗakunan ibadarsu, alhali ana tsakiyar yaƙi. Hadisi ingantacce a Buhari ya yi kashedin cewa mai kashe wanda ke cikin alƙawarin amana ba zai ji ƙamshin Aljanna ba. Wane ne a cikinmu ya fi waɗannan kishi?

Kada wani ya ce abin ya wuce. A watan Yunin 2019 an sake ƙona majami'a a unguwar Zariya ta Maraɗi, bayan jami'an tsaro sun kama wani limami. Rigimar tsakanin malami da hukuma ce, wutar ta faɗa kan wanda ba ruwansa. Garwashin yana nan a ƙarƙashin toka, kuma wayar da ke hannunka a yanzu tana iya zama mahucinsa.

Ga abin da ke wuyanmu. Liman ya auna kalmominsa ranar Juma'a, domin fushin da aka hura a mumbari ba a iya tare shi a ƙofar masallaci. Uba ya san inda ɗansa ya nufa bayan an sallame. Wanda saƙon tunzuri ya zo wa ya bincika kafin ya tura, kamar yadda Suratul Hujurat ta umarta. In an taɓa mutuncin Annabi (SAW), mu mayar da martani da hujja, da ƙaurace wa masu ɓatancin, da yawaita salati, da koyi da halayensa. Wanda kuma ya san hannunsa ya taɓa dukiyar maƙwabci a wancan lokaci, ya sani istigfari kaɗai ba ya sauke haƙƙin bawa. Sai ya mayar, ko ya nemi afuwar mai shi. Akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu a kwanakin nan biyu. Su ne suka kare sunan Annabi (SAW), su ya kamata ƴaƴanmu su ji labarinsu.

Allah Ya ba mu ikon danne fushinmu, Ya tsare mu daga ɗaukar haƙƙin bayinSa, Ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya. Amin.

A tura wa ƴan'uwa domin a amfana. Wassalamu alaikum.