DANDALIN MASU MOTA: Canza Kamshaf Da Sifirin Bawul A Ƙofar Gida

Duk wanda ya saba bin hanyar Abuja zuwa Kaduna ya san Tafa, ko da kuwa bai taɓa sauka ya sha ruwan garin ba. Da an wuce Zuba da Dutsen Zuma, an gota Sabon Wuse, sai a tarar da manyan motoci sun yi sahu dama da hagu, ga masu faci, ga masu walda, ga makanikai kwance ƙarƙashin tirela ƙafafu kaɗai ake gani. Gari ne da mota ta raya shi, saboda haka ba abin mamaki ba ne a ce yaron da ya tashi a nan ya san sunan sufana tun bai san sunan unguwannin Suleja ba.

To, wannan sabo da ƙarfe shi ne ya sa wata al'ada ke ƙara yaɗuwa tsakanin masu ƙananan motocin haya na wannan yanki, watau mutum ya buɗe injin motarsa da kansa a ƙofar gida. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, sa'an nan darajar naira ta faɗi, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Kayan gyaran mota kuwa kusan dukkansu daga waje suke zuwa. Direban da ya biya kuɗin kamshaf a kasuwar Zuba ko Panteka ta Kaduna, in ya laluba aljihu ya ji babu ladan makaniki, sai zuciya ta ce masa, ai noti ne kawai, a kwance a ɗaure. A Amurka ma mutane kan yi wannan aiki a garejin gidajensu, amma su don marmarin gudu suke yi, in injin ya lalace su hau wata motar su tafi aiki. Mutumin Tafa kuwa tukunyar gidansa ce ya buɗe.

Ba za a ce aikin ya gagari mai hankali ba. Ana yin sa a gida, a kuma dace. Amma fa aikin awo ne, ƙarfin damtse ba ya daga cikin abin da ake bukata, kuma yawancin waɗanda suka yi hasara sun yi ta ne don sun ɗauke shi kamar canza taya.

Bari a fara da abin da kamshaf yake yi. Sanda ce ta ƙarfe mai tozaye a jere, kowane tozo da bawul ɗinsa. In ta juya, tozon ya danna bawul ya buɗe, ko don iska da mai su shiga silinda, ko don hayaƙi ya fita. Tozo buɗewa kaɗai ya iya. Mai rufe bawul shi ne sifirin da ke zagaye da wuyansa. Karanshaf kan juya sau 2 kafin kamshaf ta juya sau 1, watau in injin yana juyi 3,000 a minti ɗaya, abin da mota kan yi a kan hanyar Jere ba tare da ta ji jiki ba, kowane bawul yana buɗewa yana rufewa sau 25 a cikin daƙiƙa ɗaya. Mai karatu ya tsaya ya auna wannan. Sifirin da ya gaji ba zai iya mayar da bawul a kan lokaci ba, sai bawul ya riƙa yin shawagi, mota ta rasa ƙarfi in an taka totur, in abin ya yi tsanani fistin ya taso ya same shi a hanya. Sifirin da ya fi ƙima tauri kuma shi ne ke cinye tozon sabuwar kamshaf. Wanda ya sa kamshaf mai dogon tozo a kan gajeren sifiri, zoben sifirin za su haɗe da juna kafin bawul ya gama buɗewa, daga nan sai wani abu ya karye. Dalilin da ya sa ake ambaton su tare ke nan, kamar ƙwarya da faifai.

Tambayar farko da tsohon makaniki kan yi in an kawo masa kamshaf da ta cinye ita ce, me ya cinye ta? Ƙarfen nan ba ya mutuwar Allah da Annabi. A injunan zamani, inda kamshaf take a can saman top silinda, ita ce kusan ta ƙarshen samun baƙin mai in an tayar da mota, ita ce kuma ta farkon jin ƙishirwa in man ya yi ƙasa, ko famfon mai ya raunana, ko ragar da ke tsotso shi daga ƙasan injin ta toshe. Abin da ke toshe ta kuwa sananne ne: dattin man da ya wuce wa'adinsa, da man kwalba na bakin titi wanda ba a san asalinsa ba, da kuma gam ɗin nan da ake laftawa a madadin gaskit, wanda rarar sa ke gutsurewa ta bi mai. Wanda ya sa sabuwar kamshaf bai binciki wannan ba, ya kai wa kura ajiyar nama. Kafin watanni kaɗan zai sake jin ƙarar nan ta ƙas-ƙas-ƙas daga saman injin, ya koma kasuwa yana zagin mai shago, alhali mai shago ba shi da laifi.

Sa'an nan injin injin ne, amma kowane da halinsa. Dattawan direbobi da suka yi zamani da Peugeot 504, wadda kamfanin Peugeot ya yi kusan shekara 30 yana harhaɗawa a Kakuri ta Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, sun san kamshaf ɗinta a cikin cikin injin take, sarƙa ke juya ta, dogayen sanduna ke kai saƙonta sama. Kafin a zaro ta sai an sauke lagireto, an ɗage top silinda, an tsame tafet ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma tarko a nan. Silindojin 504 hannun riga ne da ake zurawa, ruwa na zagaye su, in aka juya karanshaf bayan an ɗage top ba tare da an danne su ba, sai su ɗago, abin da ke toshe ƙasansu ya saki, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Gaskiya wannan ba aikin ƙofar gida ba ne sai ga wanda ya taɓa yin sa a gaban maigida. Motocin da suka cika tashoshin Suleja a yau, irin su Golf 3 da Volkswagen ta ƙera daga 1991 zuwa 1997, kamshaf ɗinsu a sama take, da an ɗage murfi ga ta nan kwance, bel ke juya ta. Sauƙin ganinta shi ne ke ruɗin mutane.

Kafin a taɓa noti ko ɗaya, sai an cire wayar batir, an juya injin da hannu har fistin na 1 ya hau ƙololuwa, alamar da ke jikin fulin karanshaf da ta kamshaf kowace ta zauna daidai da abokiyarta. A ƙara alama da fenti, a ɗauki hoto da waya, wadda ko ba komai ta fi ƙwaƙwalwar mutumin da ya kwana a hanya riƙe abu. Kuskuren haƙori 1 na bel ya isa ya sa mota ta riƙa shan mai tana kasa hawa tudu. Kuskuren haƙora da yawa, a injuna masu yawa na zamani da kusan duk masu shan gas, shi ne fistin ya daki bawul ya lanƙwasa shi tun a bugun farko na makulli.

Marufan da ke riƙe da kamshaf kowane da gurbinsa da fuskar da yake kallo, domin tare da top silinda aka huda su a masana'anta, ba a musanya su, ba a juya su. Ba a kuma kwance ɗaya gaba ɗaya a bar saura a ɗaure. Wasu sifirai suna nan a danne suna tura sandar sama, ita kuwa galibi zubin ƙarfe ce, ba ta san lanƙwasa ba sai karyewa. Kaɗan kaɗan ake sassautawa, ana zagayawa bisa tsarin da littafin motar ya nuna, haka kuma wajen ɗaurewa. Notocin nan ƙanana ne, jikin da suke kamawa kuwa alminiyam ne, don haka sai da sufana mai awon ƙarfi. Wanda ba shi da ita ya aro, ko ya yi hayarta. Wanda ya ce hannunsa ya san awo, ranar da zaren noti ya tsinke a cikin top silinda zai gane kuɗin hayar bai taka kara ya karya ba.

Wajen cire sifiri ne ake yin abin da ke ba da tsoro. A gareji da yawa akan ɗora soket a kan sifiri a maka masa guduma, 'yan ƙananan makullan nan 2 da ke riƙe wuyan bawul su yi tsalle su fita. Da sauri kam, amma sau nawa ɗaya ke faɗawa ramin da mai ke gangarawa, ko ya ɓace cikin yashin tsakar gida, ko ya sami idon yaron da aka ce ya riƙe fitila. Akwai abin matse sifiri, shi ya kamata a nema, a kuma toshe ramukan mai da tsumma mai tsabta tun kafin a fara. In ba a ɗage top silinda ba, dole a sami abin da zai tallafe bawul kada ya zurma cikin silinda. Masu injin iska kan hura ta ta ramin fulogi. Wanda ba shi da shi, akwai tsohuwar dabara: a zura igiya mai laushi ta ramin fulogi, a bar bakinta a waje, a juya injin da hannu a hankali har fistin ya tura igiyar ta tokare bawul. Silinda ɗaya ake gamawa kafin a matsa gaba. Tun da an riga an kai nan, rowa ce a bar tsofaffin robobin wuyan bawul, waɗanda su ne ke sa mota ta yi shuɗin hayaƙi da sassafe.

Sifiran da aka sayo, musamman na Beljiyam da aka ciro daga wani injin, a jera su a kan gilashi a duba. Wanda ya gaza 'yan'uwansa tsawo ya gaji, wanda ya karkace ya tashi aiki. Kamshaf ma a gwada lambarta da ta tsohuwar, domin injuna 2 kan yi kama a ido alhali tozayensu sun bambanta. A bi kowane tozo da farce, in an ji kaushi ko rami a mayar wa mai ita tun rasit bai bushe ba.

Akwai wata ƙa'ida da tsimin kuɗi ke sa a taka: sabuwar kamshaf da sababbin tafet take tafiya. Tsohon tafet ya riga ya ci daidai da tsohon tozo, in aka haɗa shi da sabo sai su cinye juna. In kuwa tsofaffin kayan za a mayar gaba ɗaya, kowane tafet ya koma ramin da ya fito, abin da kwalin ƙwai da biro suka isa su tabbatar. A shafe tozaye da mazaunin sandar da mai sosai. Tsabta kuma wajibi ce, balle a lokacin hunturu da ƙura ke sauka ko a cikin ƙwaryar tuwo. Injin da aka bari a buɗe aka tafi sallar Azahar a rufe shi da leda, a kuma kori awaki da yara daga wurin.

Injin da ake saita tafet ɗinsa da hannu sai an auna ratar da ma'auninta, yana sanyi. A 504 milimita 0.10 ne ga bawul na shiga, 0.25 ga na fita, tazarar da ido ba ya rabewa, kunne ma ba ya rabewa, ko da yake akwai masu rantsuwa da kunnensu. Masu tafet na mai, irin na Golf, su ke saita kansu, amma kamfanin ya ce a dakata kamar minti 30 bayan an ɗaura kamshaf kafin a tayar, don su lafa, kada su riƙe bawul a buɗe. Bayan an mayar da bel, wanda shi ma gara a sa sabo, a juya injin da sufana zagaye 2 cikakku a sake duba alamomin. In an ji ya cije a wani wuri, a tsaya nan. Hannu yana jin cijewa ya saki, sitata ba ta ji.

Tayarwar farko da sabon mai da sabuwar filta ake yin ta, ido na kan jar fitilar mai. In ta wuce 'yan daƙiƙoƙi ba ta mutu ba, a kashe injin. Ga sabuwar kamshaf mai shafaffen tafet irin na tsofaffin injuna, ba a barin ta tana silo, ana riƙe ta ne wajen juyi 2,000 na kimanin minti 20 don mai ya wadace ta su saba da juna. Kashegari kuma ba ranar lodin Kaduna ba ce, komai matsin mai kuɗin adashi. A je Sabon Wuse a dawo ba fasinja, a buɗe bonet a saurara, a duba ko mai na tsattsafowa ta gefen murfi, a kuma juye wannan man da wuri, tun bai kai wa'adin da aka saba ba, domin ɗan garin ƙarfen da sababbin kaya suka zubar yana cikinsa.