Masu Neman A Rage Musu Kuɗin Ciyarwa, Ku Ji Tsoron Allah

Akwai wata ɗabi'a da ta fara yawa a nan Agege, kuma mun ga bai kamata mu ci gaba da yin shiru ba. Mutum ya saki matarsa, a zauna gaban Sarki da limamai a yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata don ciyar da 'ya'yansa, ya amsa a gaban shaidu. Kafin shekara ta zagayo sai ga shi ya dawo yana marairaicewa, wai a rage masa, kasuwa ta ja baya, rayuwa ta yi tsada.

To malam, tsadar nan kai kaɗai ta sama? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wane abu ne bai tashi ba a kasuwar Mile 12? Gwamnati da kanta ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, saboda ta san darajar kuɗi ta faɗi. Abin da aka yanka maka shekarun baya, ko ba a taɓa shi ba, ai ya riga ya rage kansa. Uwar yaran ce ma ya kamata ta zo neman ƙari.

Wasu sukan ce, "Ni ba zan ciyar da matar da na rabu da ita ba." Wa ya ce ka ciyar da ita? Haƙƙinta sananne ne a mazhabar Malikiyya da muke bi: in sakin kome ne, ci da mazauni suna kanka har ta gama idda, in tana da ciki, sai ta haihu. Bayan nan, abin da kake bayarwa na 'ya'yanka ne, namiji har ya balaga ya iya nema, mace har ta yi aure ta tare. Kowa ya je ya tambayi malaminsa abin da aya ta 233 ta Suratul Baƙara da aya ta 6 da ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ suke koyarwa. In ka rage kuɗin nan don ka ƙuntata wa uwar, cikin ɗanka ka rage wa tuwo.

Kuma mu tuna, nan kurmi ne. A gida Arewa bazawara takan koma ɗakin uwarta, ga hatsi a rumbu, ga 'yan'uwa. A nan kuwa iyayen da yawa daga cikinsu suna Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, mai gidan haya na son kuɗin shekara a dunƙule, ga na ejan, ga kuɗin makaranta, ga ruwa ma saye ake yi. Yaran da muke gani da farantin talla a bakin titi har dare, daga ina muke zaton suka fito? Auren yawancinmu kuma na masallaci ne, ba na rajista ba, don haka zaman sulhun nan na unguwa shi ne gatan matan nan na farko.

Ba mu ce babu wanda ya karye da gaske ba. Mun san halin da 'yan acaɓa suka shiga tun da gwamnatin Legas ta hana su aiki a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, kuma shari'a ba ta ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Mai neman ragi ya kawo shaidu daga abokan sana'arsa, a kira uwar yaran a ji ta bakinta, in an rage a sa wa'adin wata uku ko shida, a sake zama. Wanda kuwa ya zo kukan babu alhali lefen amarya na jere a ɗakinsa, haba jama'a, wannan a gaya masa gaskiya ido da ido.

Muna roƙon iyayenmu sarakuna da limamai su riƙa rubuta duk yarjejeniya, kowane ɓangare ya riƙe takardarsa, a kuma riƙa duba adadin duk shekara. Mu kuma maƙwabta mu daina cewa ba ruwanmu. Allah Ya sa mu fita haƙƙin 'ya'yanmu, amin.