Kada Ku Kwantar da Kumburin da Likita Ya Tayar da Gangan

Mun saba da man shafawa mai sanyaya fata. A shafa da daddare, gari ya waye ƙaiƙayi ya lafa, kumburi ya saɓe, sai a ce magani ya karɓi mutum. Da wannan mudu muke auna duk man da aka ba mu a asibiti ko a kemis. To amma akwai wani rukunin mai da wannan awo ke cutar da masu shafa shi: wanda likitocin fata ke rubutawa don kansar da ta tsaya a saman fata, da kuma tabon rana mai kaushi wanda kan rikiɗe ya zama kansa. Idan aka shafa irin wannan, wajen zai yi ja, ya yi raɗaɗi, ya tsattsafo da ruwa, ya yi ɓawo. A ganina, a matsayina na mai harhaɗa magunguna a asibiti, babban haɗarin da ke gaban wannan magani yana cikin gida ne, wajen mako na biyu ko na uku, a hannun 'yan uwa masu tausayi waɗanda suka ga wuri ya dagule suka ce a dakata.

Wanda aka fi sani a wannan rukuni shi ne imiquimod, da ake sayarwa da sunan Aldara, a cikin ƙananan fakiti, kowane na shafi ɗaya. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1997 don tsiron da ƙwayar cutar HPV ke haddasawa a al'aura. A 2004 aka ƙara masa aiki biyu: tabon rana mai kaushi, da nau'in kansar fata mai suna basal cell idan ba ta yi zurfi ba. Ga ita wannan kansar, ana shafa shi sau 5 a mako har mako 6, kafin kwanciya barci, a bar shi kimanin awa 8 sannan a wanke da ruwa da sabulu mara ƙarfi.

Abin da ya raba shi da sauran magunguna shi ne, babban aikinsa ta hannun garkuwar jikinku yake yin sa. Fata tana da masu gadi a cikinta, ƙwayoyin halitta masu rassa kamar saiwa, suna zaune suna laluben baƙo. A 1868 wani ɗalibin likitanci a birnin Berlin, Paul Langerhans, ya hango wasu daga cikinsu, har ya zaci 'yan uwan jijiyoyi ne. Sunansa suke amsawa har yau. A jikin wasu masu gadin akwai wata mararraba da masana ke kira TLR7, wadda aikinta shi ne jin motsin ƙwayar cutar bairos. Imiquimod yana taɓa ta, sai ƙwayar ta ɗauka an kawo hari, ta yi kururuwa. Kururuwar nan sinadarai ne, babbansu intaferon, kuma su ne ke buɗe hanyoyin jini a wajen su jawo fararen ƙwayoyin jini. Su kuma ƙwayoyin Langerhans sai su tashi daga fata su nufi ƙullutun da ke wuya, hammata ko matsematsi, waɗanda idan sun kumbura muke cewa kaluluwa. A can suke nuna wa ƙwayoyin T kamannin abin da za su farauta, su kuwa su biyo jini su iso wajen, su kashe ƙwayoyin da suka lalace.

Kansa ta daɗe a wajen ne saboda ta iya laɓewa. Masu gadi suna wuce ta ba su tanka ba. Man ya zo ya tayar da unguwa, kuma unguwar da aka tayar ba ta zama shiru. Jan da kuke gani jini ne da ya kwararo da mayaƙa, ɓawon kuma gawar ƙwayoyin da aka kashe ne tare da ruwan jiki da ya bushe. A gwaje-gwajen da aka yi kafin amincewa da maganin an lura cewa waɗanda fatarsu ta fi tashi sun fi samun warkewa. Wannan ba izini ba ne na ƙara yawan shafi don a ga ja. Wasu suna warkewa da ɗan tashi kaɗan, kuma wuce ƙima gyambo yake haifarwa.

Wanda yake shakkar cewa garkuwar jiki na tsare fata daga kansa, ya dubi waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Saboda magungunan danne garkuwa da suke sha don kada jiki ya ƙi sabuwar ƙodar, haɗarin kamuwarsu da kansar fata nau'in squamous cell kan ninka na sauran mutane sau sittin ko fiye. Shi ya sa duk mai shan irin waɗannan magunguna, ko mai cutar da garkuwarsa ke yaƙar jikinsa, dole ya shaida wa likita kafin ya fara shafa imiquimod.

Yanzu ku duba abin da ke faruwa a gidajenmu. Wuri ya yi ja, sai wata inna ko maƙwabciya ta miƙo ɗan man nan da ke kusan kowane ɗaki, mai haɗin magani uku, wanda ake shafa wa kurji, da ƙyasbi, da kumburin jarirai, wasu ma har da bilicin. A yawancin irinsa akwai sitiroid, betamethasone ko clobetasol. Aikin sitiroid kuwa shi ne rufe bakin masu kururuwa da korar fararen ƙwayoyin jini daga fata. Cikin kwana biyu wajen zai yi lumui, kowa ya yi hamdala, alhali an sallami mayaƙa an bar ɓarawo a ɗaka. Kuɗin Aldara, wanda ba arha gare shi ba, ya tafi a banza, makonni sun wuce, kansar kuma tana nan ƙarƙashin fatar da ta yi kyau. Na fi tsoron wannan kwanciyar a kan kumburin.

Ban ce a daure wa kowace irin azaba ba. Idan raɗaɗin ya hana barci ko wajen ya zama ɗanyen ciwo, ƙa'idar maganin kanta ta yarda a huta na 'yan kwanaki sannan a ci gaba, amma likitan da ya rubuta shi ne zai yanke wannan, kuma shi zai faɗi abin da ya halatta a shafa. Idan kuka ga mugunya, ko wari, ko ja yana bazuwa nesa da inda aka shafa, ku koma asibiti ranar. Akwai kuma wani abu da ya fi rikita mu a nan: intaferon ɗin da jiki ke fitarwa kan sa wasu zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi da kasala. A ƙasar da kowane zazzaɓi na cizon sauro ne har sai an tabbatar da akasin haka, mutum zai iya shan maganin maleriya zagaye biyu ba dalili. A yi gwajin jini, a kuma gaya wa mai dubawa cewa ana shafa wannan mai.

Akwai wani man, fluorouracil, wanda shi kai tsaye yake kashe ƙwayoyin da ke saurin rarrabuwa, kuma shi ma yana sa wuri ya yi ja. Masu bincike a Jami'ar Washington da ke St. Louis sun haɗa shi da calcipotriol, wani dangin bitamin D da ake shafa wa cutar psoriasis, aka shafa sau biyu a rana na kwana 4 kacal. Rahoton da suka fitar ya nuna tabon rana a fuska ya ragu da kusan kashi 88 cikin 100, a kan kusan kashi 26 ga waɗanda aka ba fluorouracil da basilin. Dalili shi ne calcipotriol yana sa fata ta saki wani sinadari mai kiran ƙwayoyin T. Mai juna biyu dai ba ta shafa fluorouracil, kuma a ɓoye shi daga karnuka da kyanwoyi, domin lasar kaɗan na iya kashe su.

Sai dai duk wannan yabo yana da iyaka, iyakar kuwa zurfi ce. Mai ba ya ratsa fata da nisa. A wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya, aka kwatanta imiquimod da tiyata a kan kansar basal cell mara haɗari sosai, bayan shekara 3 kimanin kashi 84 cikin 100 na masu shafa mai sun rabu da ita, a kan kashi 98 na waɗanda aka yanke wa. Wuƙar likita ta fi, ko a inda man ya dace. Inda bai dace ba kuwa, ɓata lokaci ne mai tsada.

Wannan magana ta fi shafar 'yan uwanmu zabiya, waɗanda rana ke yi wa illa tun suna yara, a gona, a kasuwa, a hanyar makaranta. Tabon kaushi a goshi, kunne, wuya da bayan hannu, shi ne matakin da man shafawa ke da amfani a gare su. Amma kansar da ta fi kama su squamous cell ce, mai nutsawa ciki da bazuwa, kuma da zarar tabo ya yi tauri, ya yi tudu, ko yana zubar da jini, an wuce zancen mai. Haka nan ga masu baƙar fata: tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya sake buɗewa ya ƙi warkewa, da baƙin tabo mai girma a tafin ƙafa, babu ɗayansu da ake shafa wa Aldara. Ido kaɗai ba ya rarrabe na sama da na ciki, ko da idon likita ne. Sai an yanki ɗan ƙanƙanin nama an kai ɗakin gwaje-gwaje. Saboda haka idan aka zo mini da sunan wannan mai a rubuce a waya, ba takardar likita, ba sakamakon gwaji, ba na bayarwa, ko da za a ce na cika tsauri.

Ga wanda aka tabbatar ya dace da shi, ku sani cewa a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Wajen kan yi duhu ne ko ya yi shuɗi-shuɗi, sannan bayan an gama yana iya barin fari ko baƙin tabo wanda wani lokaci ba ya gogewa. A kare wajen daga rana da hula mai faɗi da tufa mai dogon hannu muddin ana shafawa, a wanke hannu kafin da bayan shafi, a nisanta shi da ido da leɓe, kuma kada a ɗaure wajen da filasta. Bayan shafin ƙarshe, fata na buƙatar kimanin mako 12 kafin ta lafa har likita ya iya gane ko kansar ta tafi. Ku rubuta ranar komawar tun yau, ku je ko da wajen ya yi sumul.