Tseren Keke A Cikin Ɗaki: Shawara Ga Makarantarmu

Ina roƙon a ba ni fili a wannan mujalla tamu domin in faɗi ra'ayina game da wani wasa, wanda na san wasu za su yi mini dariya in sun ji shi. Wasan nan kuwa shi ne tseren keke a cikin ɗaki. Ra'ayina shi ne, ya kamata makarantarmu da sauran makarantun kwana na wannan yanki namu na Funtua da Malumfashi su shigar da shi cikin wasannin lokacin ɗari, watau daga watan Disamba zuwa Fabrairu. Kafin a ce yaron nan ya cika surutu, a yi haƙuri a ji dalilaina.

Da farko dai, keke ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya tashi a ƙasar noma irin tamu ya san aikinsa. Da shi ake kai taki gona, da shi ake ɗauko buhun masara, da shi aka sha kai auduga kasuwa tun zamanin da Funtua da Malumfashi suka yi suna wajen gurzar auduga. Mahaifina yana da tsohon keke ƙirar Raleigh, wanda mutanenmu ke kira Rali, ya girme ni nesa ba kusa ba, amma har yau yana aiki. A kansa na koyi tuƙi, ina zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya saboda ban kai sirdi ba. Da babura suka yawaita sai aka yi watsi da keke, aka mai da shi abin hawan wanda ba shi da hali. Amma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar 2023, ga shi nan mutane da yawa sun kakkaɓe nasu sun kai wa mai faci. Ke nan muna da kekuna, muna da masu gyara, muna kuma da samari masu ƙarfin ƙafa. Abin da ba mu da shi kawai shi ne tsari da wurin horo.

Dalilin da ya sa na fara wannan tunani shi ne wani abu da ya faru a gabana a hutun ƙarshen zango na farko. An gama kaka, an kai amfani gida, samari ba su da aikin yi. Sai muka ɗauki hayar kekuna mu biyar, muka fita bakin kwalta da sassafe za mu yi tsere. Hazo ya rufe gari, mutum ba ya hango abin da ke gabansa sai ya zo kusa. Muna cikin gudu sai ga babbar mota ta ɓullo, wani abokina ya kauce mata ya faɗa rami, hannunsa ya karye. Allah ya kiyaye abin ya tsaya nan. Mu da muka tsira kuwa mun kwana biyu muna tari saboda ƙurar da muka shaƙa. Tun daga ranar na gane cewa sha'awar tsere tana nan a zukatan yara, ko an hana su sai sun yi, amma hanya ba wurin yinsa ba ce lokacin hunturu.

Ban da hazo da manyan motoci, akwai kuma maganar tsaro. Ba mu manta da daren 11 ga Disamba, 2020 ba, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara, maƙwabciyar Malumfashi, sai bayan kwana shida aka sako su. Bayan wannan, babu shugaban makaranta mai hankali da zai bar ɗalibansa su kama hanyar daji da sunan motsa jiki, babu kuma uban da zai yarda. Ni ma ban ce a bari ba. Abin da nake cewa shi ne, tun da ba za mu iya fita ba, to mu shigo da keken ciki.

Wannan dabara ba ni na ƙirƙiro ta ba. Mutanen ƙasashen sanyi sun daɗe da gano ta. A Turai, in hunturu ya shigo, rana takan faɗi da wuri, ruwa da ƙanƙara su ɓata hanya, mai keke ya rasa inda zai taka. Maimakon su rataye kekunansu har wata uku ko huɗu, sai suka koma cikin manyan ɗakuna. A shekarar 1878 aka yi tseren kwana shida a cikin wani babban zaure a Landan. Daga nan abin ya haura Amurka, inda aka riƙa yinsa a zauren Madison Square Garden da ke birnin New York. Da aka ga wahalar ta yi wa mutum ɗaya yawa, sai a 1899 aka mai da shi na mutum biyu biyu, ɗaya na gudu ɗaya na hutawa, har yau kuma da sunan Madison ake kiran irin wannan tsere. A birnin Gent na ƙasar Beljiyam an fara nasu a 1922, kuma a watan Nuwamba ake yinsa, daidai shigowar sanyi.

Filin da ake wannan tsere kewayayye ne, dogo kamar ƙwai, yawanci da katako ake shimfiɗa shi. Irin wanda ake amfani da shi a wasannin Olamfik tsawonsa mita 250 ne, watau kewaye huɗu ya ba da kilomita ɗaya. A wajen kwana an ɗaga gefensa kamar bakin ƙwarya, domin mai gudu ya sha kwana ba tare da ya rage gudu ba. Kekunan wannan fili ba su da birki, kuma fedarsu ba ta tsayawa muddin taya na juyawa. Na san ba mu da kuɗin gina irin wannan, ba kuma shi nake roƙo ba.

Abin da nake roƙo shi ne abin da masu koyon tsere na can suke yi a gidajensu. Akwai wani abu mai ganguna uku na ƙarfe, biyu a ƙarƙashin tayar baya, ɗaya a ƙarƙashin ta gaba, an haɗa su da bel. Mutum ya ɗora kekensa a kai ya yi ta tuƙi, tayoyi na juyawa amma keken bai gusa ba. Akwai kuma mai sauƙi, watau ƙarfe mai ƙafafu wanda ke riƙe tayar baya, da 'yar ganga a ƙasa wadda ke danne tayar domin tuƙin ya yi nauyi kamar ana hawan tudu. A yanzu ma har an haɗa abin da intanet. Tun 2014 akwai wata manhaja mai suna Zwift, inda mutum ke tuƙi a ɗakinsa yana tsere da na wata ƙasa a kan allo, kuma a watan Disamba na 2020 hukumar tseren keke ta duniya ta yi gasar duniya ta farko ta wannan hanya. Mu ba ma bukatar allo ko intanet. Mai walda na cikin Funtua wanda ke ƙera amalanke da ƙyauren ƙarfe ba zai kasa ƙera mana ƙarfen riƙe taya ba, in an nuna masa zane.

Ga yadda nake ganin za a tsara shi. A samo tsofaffin kekuna guda huɗu ko shida, gida ɗaya keke ɗaya. A kafa su a jere cikin ɗakin taro, a yayyafa ruwa a ƙasa domin ƙura ta kwanta. Bayan sallar La'asar, kwana uku a mako, kowane gida ya kawo mutanensa. A fara da tuƙi a hankali na minti goma domin jiki ya yi ɗumi, sa'an nan a yi gudu mai ƙarfi na minti ɗaya, a sassauta na minti biyu, a maimaita haka sau biyar. Wannan shi ke ƙara wa zuciya da huhu ƙarfi. Game da sanin wanda ya ci kuwa, akwai ɗan agogon auna nisa da ake ɗaura wa keke, ya riƙa ƙirga juyawar taya. Tayar babban keke irin na iyayenmu, mai inci 28, takan ci kimanin mita biyu da ɗan ɗori a juyi ɗaya, saboda haka juyi kamar 450 ya yi kilomita ɗaya. Wanda ya riga cika kilomitarsa shi ya ci. Kun ga har darasin lissafi ya shigo ciki. In kuma aka ɗaura dainamo da ƙwan fitila, malamin kimiyya ya sami abin nuna mana yadda ƙarfin ƙafa ke komawa wutar lantarki.

Na san akwai masu suka, kuma maganarsu abin dubawa ce. Wani uba zai ce shi karatu ya turo ɗansa, ba wasa ba. Gaskiya ne, Baba, amma lafiya uwar jiki ce. Lokacin ɗari da yawa daga cikinmu mukan ƙudundune cikin bargo da yamma, babu motsi, da dare kuma a shiga aji ana gyangyaɗi. Lokacin wasanni yana nan cikin tsarin makaranta, ba daga na karatu za a yanko ba. Ƙwallon ƙafa mutum 22 kawai take ɗauka, sauran ɗaruruwa suna tsaye suna kallo cikin ƙura. Shi kuwa wannan, kowa zai sami nasa rabo, har da wanda bai iya ƙwallo ba, har da wanda bai taɓa hawa keke ba, tun da babu faɗuwa. Makarantun 'yan mata ma za su iya yi cikin sutura da rufin asiri, ba tare da sun fita waje ba.

Wani kuma zai ce ina kuɗi? Amsa ita ce, a gidaje da yawa akwai keken da aka jingine a zaure shekara da shekaru, ba abin da yake bukata sai sarƙa da tib da ɗan mai. In ƙungiyar iyaye da malamai da ta tsofaffin ɗalibai suka sa hannu, ba za a rasa shida ba. Mu kuma ɗalibai mu ɗauki nauyin kula da su, mu koyi faci da ɗaure sifoki da gyaran birki, wanda shi ma sana'a ce.

Suka ta uku ita ce wadda na fi yarda da ita. Za a ce tuƙin wuri ɗaya ba ya koya wa mutum shan kwana, ko tafiya cikin iska, ko gudu a tsakiyar jama'a. Haka ne. Su ma Turawan ba su ce ya maye gurbin hanya ba, shiri ne kawai kafin lokaci ya yi. In hazo ya wuce sai a fito da kekunan a kewaya filin wasa na cikin makaranta, ranar wasannin gidaje kuma a yi tsere a gaban iyaye. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Haka kuma wajibi ne mai ciwon fuka ya nemi shawarar ma'aikacin asibiti kafin ya shiga, a riƙa shan ruwa sosai ko da ba a jin ƙishi, kuma kada wanda ya yi gumi ya fita cikin sanyi sai ya goge jiki ya sa riga.

Wataƙila wani ya ce, to bayan an sha wannan wahala, ina za ta kai mutum? Mu duba maƙwabta. Burkina Faso tana shirya gasar kewaya ƙasarta a kan keke tun 1987. Ruwanda ta karɓi baƙuncin gasar tseren hanya ta duniya a Kigali a watan Satumba na 2025, karo na farko da aka yi ta a Afirka. Biniam Girmay, mutumin Eritiriya, ya ci zango uku a babbar gasar kewaya Faransa ta 2024, shi ne baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci zango a wannan gasa. Mu ma muna da filin tseren keke a babban filin wasa na Abuja, wanda aka gina domin wasannin Afirka na 2003. A wasannin Olamfik na Faris a 2024, Ese Ukpeseraye ta wakilci Nijeriya a tseren keke, amma da aka zo tseren cikin ɗaki sai da Jamusawa suka ara mata keke. Wannan ya nuna muna da masu ƙoƙari, shiri ne muke da ƙarancinsa. Ni kuwa na tabbata, yaron da ke ɗauko buhu daga gona zuwa kasuwar Dandume ko ta Bakori a kan kariya, ba zai ji tsoron tudun kowa ba in ya sami mai koya masa. Ko da kuwa babu wanda ya zama zakara a cikinmu, mun dai ci ribar lafiya, mun kuma raba kanmu da zaman banza wanda ke jefa samari cikin shaye-shaye.

Daga ƙarshe, ina roƙon Shugaban Makaranta da malamin wasanni su dubi wannan shawara da idon rahama. A gwada da keke biyu kacal a zango mai zuwa, in an ga amfani a ƙara, in ba a gani ba a bari, sai an gwada akan san na ƙwarai. Iyayenmu kuma, duk mai keken da ya daina hawa, ya taimaka mana da shi. Ni na riga na yi magana da mahaifina, ya ce in dai makaranta ta amince, zai ba da aron nasa daga ƙarshen kaka har zuwa faɗuwar ruwa, amma da sharaɗin a mayar masa da ƙararrawarsa lafiya.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya kuma ba mu sa'ar karatu, amin. Wassalam.