Sharhi: Guba a Buhun Wake



A watan Oktoban 2025 aka sanar da ba masana uku lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai: Susumu Kitagawa, Richard Robson da Omar Yaghi. Abin da suka ƙirƙiro gari ne, a ido kamar gishiri, amma kowace ƙwayarsa cike take da ƙananan ramuka. Iska mai guba ta shiga, sai ta maƙale. Wasu nau'o'insa ma kashe kaifin gubar suke yi ɗungurungum. Tuni masana'antun kayan lantarki suka fara adana iska mai haɗari a cikinsa.

Yana da ɗan'uwa da ya girme shi, ziyolait, wanda ake tace ruwa da shi, ake aiki da shi a matatun mai. Masana a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun haɗa shi daga farar ƙasar Ƙanƙara. Farar ƙasa dai, jama'a, wadda muka sani!

Duniya na ta faɗi-tashin kama guba, mu kuwa a nan da hannu ake zuba ta a abinci. Ka leƙa shagon ajiyar hatsi bayan kaka: an kwance bakin buhu, an tsiyaya maganin ƙwari na fiya-fiya a kan wake, an gauraya, an ɗinke. Warin kaɗai ya isa ya sa maka ciwon kai. Wa ke wannan aika-aika? Masu ɓoye hatsi suna jiran tsada. Su ke zubawa, su ke ɗinkewa, su ke fitarwa kasuwa, alhali ba za su dafa wa 'ya'yansu ba. Saboda irin wannan gubar Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Waken da aka ƙi a can, mu muke cin sa a ƙosai da alale.

Babu garin masana da zai tsamo gubar da ta riga ta shiga cikin yaro. Amma akwai mafita: ga buhu mai leda biyu a ciki, yana kashe ƙwari ba tare da ɗigon magani ba. Masu ɓoye hatsi, ku ji tsoron Allah!

Malaman kwalejin kimiyya ta Kazaure da jami'ar fasaha ta Ɓaɓura, ku ɗauko binciken farar ƙasa, ku samar mana matatar ruwa mai araha. Manoman Achilafiya, Roni da Gwiwa kuma, duk wanda ya zo sayen wakenku da kwalbar fiya-fiya a aljihu, ku gaya masa gaskiya, ku kai maganarsa gaban mai gari.